Saƙonnin Babanki Talatin da Ɗaya

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da ɗan baƙon da Allah ya ba mu. Allah ya ƙara miki ƙarfin jiki, ya raya shi, ya sa ya ɗauko halin kakansa, amma ban da taurin kan. Mu nan lafiya lau. Ƙafata ta yi sauƙi, kuma na koma cin abinci kamar kowa, don haka ki daina sa yayarki tana zuwa tana buɗe min tukunya.

Wata ranar Asabar, sati biyar ke nan, ina zaune a kujerar babanki, na buɗe faifan ajiyarsa don in kwafo miki saƙonnin da ya bar miki, sai na ga allo fari fat. Na rufe na sake buɗewa. Na zare igiyar na hura bakinta na mayar, babu komai. Can na tuna tambayar da kwamfutar ta yi min da safen nan, da yadda na danna mata eh ko dubawa ban yi ba. A nan na gane cewa ni da kaina na share muryar babanki. Abin da ya sa ke nan sau uku kina tambayata a waya ina kawo miki zancen ruwan sama da ciwon ƙafa. Bakina ya kasa faɗa, shi ne na ɗauki biro. Amma ki daure ki karanta har ƙarshe, domin al'amarin ya gyaru fiye da yadda na zata.

Kin san a watanninsa na ƙarshe, da likita ya hana ki hawa jirgi saboda cikin, shi kuma ya san abin da yake ji a jikinsa, kullum in ya karya sai ya tura ƙofa ya yi ta magana cikin 'yar rikodarsa. Ya ce naki ne da abin da za ki haifa, kada in ba ki sai kin sauka lafiya. Guda talatin da ɗaya ne, ya jera su a littafinsa mai shuɗin bango, kowanne da ranarsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana sana'ar hoto kuwa ba ya yarda ya ajiye abu wuri ɗaya. Kowace Asabar da safe sai ya jona baƙin faifan nan, ya sa manhaja ta kwafe masa kayansa. Da jiki ya yi nauyi, ya rubuta min yadda ake yi da manyan baƙaƙe, mataki shida. Na biyar ya ce, idan ta tambaye ki, danna eh. Bayan rasuwarsa ban taɓa fashi ba, ko da yake babu wani sabon abu da ke shiga. Rabin awar nan ce kawai nake jin kamar ya ɗan fita ne zai dawo.

To, kwamfutar ta fara ƙorafin wuri ya cika, sai baffanki ya zo ranar Alhamis don ya taimaka. Ya nuna min cewa cikinta ɗaki biyu ne, ɗaya na aikinta, ɗaya na kayan babanki, kuma na farkon ne ya matse. Ya ce zai kwashe na biyun, ya matsar da bangon, ranar Litinin ya dawo ya mayar da kayan daga baƙin faifai. Sai da ya duba ya ga komai yana nan cikin faifan kafin ya kwashe ɗakin, wannan na shaida. Shi bai san da aikina na Asabar ba, ni kuma ban san ya shafi nasa ba. Ashe manhajar ba ƙari take yi ba, mayar da faifan take ya zama daidai da ɗakin. Da ta tarar da ɗaki wayam, ta tambaye ni da Turanci ko ta kwashe na faifan ma, ni kuwa na bi mataki na biyar.

Yayarki ce ta kai mu, ni da baffanki, wurin wata mai gyara da ake ce wa Injiniya. Shagonta na saman bene, bisa masu sayar da waya, ɗan tsukuku ne, ƙananan kusoshi cike da murafen kwalba, ita kuma tabarau a goshi tana ta nemansa a kan tebur. Tambayar farko da ta yi min ita ce ko na sa wani abu a faifan tun ranar. Na ce ko kallonsa ban ƙara yi ba. Ta ce to na taimaki kaina, domin shara irin wannan sunayen kawai take cirewa daga ƙofofi, masu ɗakin suna nan a ciki muddin ba a zuba wasu a kansu ba. Ta ce ba za ta yi aiki a kan na babanki ba, sai ta fara yi masa tagwai a sabon faifai, in ma kuskure za a yi a yi shi a can.

Yin tagwan nan shi ya ba mu wahala. Sau biyu yana kaiwa kashi sittin da biyu sai ya tsaya cik, ni kuma ina kan benci ina kallon lambar kamar in tura ta da hannu. Injiniya ta ɗaga igiyar babanki, ta ga salatif wuri uku, ta ce wannan igiya ta girme ta, sai dai ta gaishe ta ta ba ta wurin zama. Ta sa sabuwa, ya wuce, can gaba ya sake tsayawa a wani wuri da ta ce faifan ya ji rauni. Ta sa ya tsallake ya ci gaba, daga baya ya koma ya tsinci abin da zai tsintu. Kwana biyu aka yi. Da ta gama ta naɗe tsohon a leda ta damƙa min, ta ce in ɓoye inda ko baffanki ya zo da niyyar alheri ba zai gan shi ba. Yana tsaye a wurin, ya sunkuyar da kai, shi ma sai da ya yi dariya. Ki kira shi, Auta, kada ki riƙe shi a rai. Ya rame ya fi ni.

Muryoyin sun dawo, amma babu sunaye, sai lambobi, fayil ɗari shida da arba'in. Kin san babanki, komai ɗauka yake, labaran rediyo, saukar ruwa a kan kwano, har gyaran muryarsa. Injiniya ta ce za ta taya ni tacewa, na ce a'a, wannan aikina ne. Ta koya min yadda ake sa wa fayil suna, ta kuma canza min manhajar zuwa wadda ke ƙari ba ta sharewa, yanzu komai wuri uku yake. Mataki na biyar na soke shi da biro, na rubuta a ƙasansa cewa in ta tambaya in tsaya in kira mai karanta min.

Kowace safiya ina zama da littafin da abin sawa a kunne, in buɗe ɗaya bayan ɗaya. Naki ba su da wuyar ganewa, domin kowanne yakan fara da kiran sunanki ya ce shi ne, sannan ya faɗi lambar saƙon. Da na ji haka sai in tsayar, in sa suna, in yi alama a littafi, tunda ba ni ya yi wa ba. Na goma sha huɗu ne kawai ya riƙe ni. Yana farawa sai ga muryata daga tsakar gida ina faɗan bai sha magani ba, shi kuma ya rage murya yana gaya miki wai uwarki aikin soja ya kamata ta yi. Na yi dariya har na jiƙa mayafina, ranar ban iya ƙara ko ɗaya ba.

Ashirin da shida na samu. Suna cikin ɗan filashin da ke ambulan ɗin nan, wanda abokiyar aikinki za ta kawo miki hannu da hannu. Ba zan ɓoye miki ba, Injiniya ta ce mai yiwuwa wasu sun faɗa wurin da ya ji rauni, kuma na tara ya yanke a tsakiya. Amma ni na ga yadda ashirin da shida suka fito, don haka ban cire rai ba.

Ki gaida maigidanki da surukarki, Allah ya saka mata da ɗawainiyar da take yi da ke. Ki shafa min kan yaron. Yayarki da 'ya'yanta da baffanki duk suna gaishe ki. Saura fayil ɗari da saba'in ban buɗe ba, kuma saƙo biyar ban same su ba tukuna, har da na ƙarshe, wanda ya yi ana saura kwana biyu ya rasu.

Taki har kullum,
Ummanki