Fararen 'Yan Kwikwiyon Auduga

Kore Mairuwa, ranar Talata.

Zuwa ga yayana Idi, a Abijan.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Afra'u da yara, ya kuma sa wa nemanka albarka. Mu nan lafiya lau, sai kewarku. Inna ta samu sauƙin ƙafar nan, har tana takawa bakin rijiya ta yi wa masu ɗiban ruwa faɗa, ka kuwa san in ta fara faɗa to lafiya ta samu. An gama yankan hatsi, bana rumbu ya kusa cika, wake ne kawai tsutsa ta taɓa. Za ka yi mamakin ganin takarda ga waya a hannu. Duk sanda na kira ka Inna tana gefe ta kasa kunne, maganar kuwa ba na so ta ji ta a bakina, shi ya sa na ba Rabilu direba ya kawo maka hannu da hannu.

Maganar Auduga ce, farar karyar farautar da Baba ya bar maka. Da ka tashi tafiya, shekara uku ke nan, ƙanenmu Luƙman ya ce zai kai ta Dogon Dutsi ta riƙa tsaron butikinsa, wato shagon nan nasa. Tun a ranar raina bai kwanta ba. Yaron da ko inuwar kare ta taɓa shi sai ya wanke riga, yaushe ya fara son kare? Na yi shiru don kada a ce Hindatu ta cika zargi. Duk zuwansa gida in na tambaye ta, sai ya ce tana nan ta yi ɓulɓul, ya nuna mini hoto a waya. Sai daga baya na lura hotunan nan duk kai ne kawai, ba a taɓa ɗaukar jikinta ba. Ga kuma wani sabon aboki da ya yi, Sharif, baƙo ne, ba wanda ya san garinsu. Yana yawo da farar riga da jakar allurai, wai shi likitan dabbobi ne, amma da na tambaya a ma'aikatar kiwo ta nan ba wanda ya taɓa jin sunansa.

Watan jiya Manu, Bafillatanin da ke kiwon awakin Inna, ya zo da ƙorafi. Ya ce ya sayi farin ɗan kwikwiyo wurin Sharif, an yanke masa kunne da wutsiya, an ce masa irin na Turawa ne, har da ɗan kati mai hatimi wai na rigakafi. Kare ya girma, kiran duniya ba ya waiwayowa. Dila ya ɗauke ɗan akuya a gefensa yana barcinsa. Ƙarshenta kamiyo, babbar motar kaya, ya taka shi a kan kwalta, direba yana ta oda, shi ko a jikinsa. Manu ya ce shi dai bai san na Turawa ba, amma fuskar karen nan ta Auduga ce sak.

Ranar kasuwa na shiga mota zuwa Dogon Dutsi ban gaya wa kowa ba. Ban bi ta gaban butikin ba, na zagaya ta lungun baya, wari ne ma ya nuna mini wurin. Yaya, wani ɗan keji ne na kwano, rana ta gasa shi, babu inda za ta miƙe ƙafa. Auduga tana kwance cikin ƙazantarta, haƙarƙari a waje, gashin baya ya zube, nono yana jan ƙasa duk ciwo. Karyar da ke kamo zomo kafin Baba ya ɗaga sanda, yanzu tashi ma sai ta dafa bango da kafaɗa. A kejin gefe akwai wani farin kare ƙato. Matar da ke tuyar ƙosai a lungun ta ce mini ɗanta ne na haihuwar farko, shi suke haɗa ta da shi don 'ya'yan su fito farare ƙal, saboda farare ma'aikata da manyan 'yan kasuwa ke so a ƙofar gida. Ta ce wannan haihuwa ta biyar ce, kuma waɗanda suka fito da shanyayyun ƙafafu a buhu ake fita da su, ba ta san inda ake kai su ba.

Ka fi ni sanin yadda Baba yake yi. In lokacin karya ya yi, da ƙafa yake jan ta har Lugu wurin abokan farautarsa, bai taɓa yarda da karen gari ɗaya ba balle na ciki ɗaya. In ta haihu sai ya hutar da ita shekara. Kuma ba ya ba kowa ɗan kwikwiyo sai ya lallaɓa ta bayansu ya saki kwanon tasa a ƙasa, ya ga wanda ya zabura. Na ari farantin mai ƙosai na yi haka nan. 'Yan kwikwiyon da ke jikinta su shida ne, biyu suka zabura. Huɗu suka ci gaba da tsotso kamar ba a yi komai ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Ƙarar farantin ce ta fito da Luƙman, Sharif yana biye da shi. Sharif ya hau yi mini Faransanci, wai abin ilimi ne, ba na matan ƙauye ba. Na ce ya nuna mini takardar ilimin, sai ya tuna ana jiran shi a tasha. Luƙman kuwa ya ce in daina ɗaga masa murya a kan dabba, karya ba tawa ba ce, mai ita ya san komai kuma ya yarda. Na ce ƙarya yake yi, ɗan da Baba ya fi yarda da shi a daji ba zai yarda da wannan ba. Sai ya ciro waya ya kunna wani saƙon murya. Na ji ana cewa ya ci gaba tunda fararen suna da kasuwa, kada ya bari ta huta a banza, kuma kada maganar ta kai kunnen Hindatu.

Ina tsaye ina ce wa kaina zamani ya zo da iya shege, ana iya haɗa muryar mutum, ko kuma wani ne mai irin maganarka. Har na buɗe baki zan faɗa. Sai Auduga ta ɗaga kai. Ta yunƙura ta miƙe, 'ya'yan suna zubowa daga jikinta, ta ja ƙafa zuwa ƙofar kejin tana kaɗa wutsiya, tana leƙen bayan Luƙman tana neman ka. Ni na so in yi shakka, yaya, ita ba ta yi ba.

Na ɗauko ta a amalanken jaki zuwa tasha, ita da 'ya'yan, Luƙman bai iya hana ni a gaban mutane ba. Tana nan bayan rumbu ina ba ta kunu da madarar Manu. Likitan dabbobi na gaskiya ya duba ta, ya ce in ta sake ɗaukar ciki ba za ta tashi ba. Na ce wa Inna ciwo ta yi kawai. Luƙman ya aiko cewa Asabar ta sama zai zo ya tafi da ita da izininka. In haka ne, kada ka aiko shi. Ka kira ni da kanka, zan kai wayar bayan rumbu, ka faɗa Auduga tana ji.

Ka gaishe da Afra'u, da Firdausi da Auwal, ka ce gwaggonsu ta aiko musu ƙuli-ƙuli wurin Rabilu. Inna tana sa muku albarka, Kawu Mahamadu da Fati suna gaishe ku. Allah ya tsare ku, ya sada mu da alheri.

Ni ce ƙanwarka mai jiran amsa,
Hindatu.