Ko Magani Nake Haɗiya Ko Gari

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, yayyafin farko da ke tayar da ƙamshin ƙasa, uwar 'ya'yana wadda ban taɓa yi wa kishiya ko a mafarki ba. Gaisuwa mai yawa, da kewar da ta fi gaisuwar yawa.

Saƙonki ya iso. Na saurare shi a bayan injin guga, tururi na dukan fuskata, zannuwan gadon otal jibge a gabana kamar ba za su ƙare ba. Kin ce in tattara in dawo, ciwo a gida ya fi lafiya a dawa, kuma 'yarmu ta kusa sauka, tana tambayar ko Baba zai cika alkawarin zuwa haihuwarta. Wayyo muryar nan! Wace ƙorama ce ta kai ta daɗi a kunnen mai ƙishi? Da ƙafa ake zuwa, da kin ga ƙurata kafin ki ajiye wayar.

Amma bari in faɗa miki inda kaina ya ɗaure, don wallahi ya ɗaure tamau.

Kin san likita ta ce zuciyata ta yi rauni, ba ta tura jini yadda ya kamata, shi ya sa nake haki, ƙafafuna suke kumbura. Abin da ban iya bayyana miki a waya ba shi ne irin maganin da nake sha. Bincike suke yi a kan wata sabuwar ƙwaya. Sun raba mu gida biyu: wasu ana ba su ta gaske, wasu ana ba su mai kama da ita sak, amma gari ne kawai aka dunƙule. Ba wanda ya san rabonsa. Har likitar ba ta sani ba! Kin taɓa jin mai ba da magani bai san abin da ya bayar ba? Wai sai an rufe binciken za a buɗe sirrin, kuma da sauran watanni masu yawa, sai jikanmu ya fara zama. Wanda ya bar garin ya bar ƙwayar, don ba a sayar da ita ko'ina.

Wani lokacin raina yakan ɓaci, in ce wato mun zama awakin gwaji, mu da muka ƙarar da ƙarfinmu wajen goge wa wasu wurin barci. Sai kuma in ji kunyar kaina. Mutanen nan ba su cuce ni ba. Sun kawo tafinta, sun karanta mini komai dalla-dalla, ba su hana ni tsohon maganina ba, sun ce duk ranar da na ga dama in fita ba mai riƙe mini riga. Kuma irin wannan ciwon ne ya ɗauke mahaifina yana zaune a jingine, ya kasa kwanciya. In ba a gwada a jikin wani ba, a jikin wa za a gwada?

Ki yi dariya in kin so. Akwai wani tsohon direba da muke haɗuwa a bencin jira na asibiti, muna ce masa Kawu. Ni da shi muka ƙulla dabara, kowa ya ɗora ƙwayarsa a harshe maimakon ya haɗiye, mai ɗaci shi ne mai ta gaske. Tawa ta yi ɗaci kamar maɗaci, na yi ta hamdala har da ƙwalla. Tasa ma ɗaci! Da muka gaya wa nas, sai da ta dafa bango don dariya, ta ce ai da gangan ake sa wa duka biyun ɗaci saboda masu wayo irinmu. Yanzu Kawu yana kwance a ɗakin majinyata na saman bene, an sa masa robar iska a hanci. Ni kuwa ina hawa benen ɗakinmu ba tare da na tsaya a tsakiya na rungumi ƙarfe ba, takalmina ya koma shiga. In ba ƙira, me ya ci gawayi? To amma in gari ne fa, jikina ne kawai ya yarda da ƙarya? In kuma Kawu ne mai ta gasken, ita ce ta kwantar da shi?

Ya farin watana, kin tuna safiyar da zan taho, maɓallin rigata ya tsinke, kika hana ni cire ta, kika ɗinke shi a jikina? Da kika sunkuya za ki yanke zaren da haƙori, goshinki ya taɓa ƙirjina, kika daɗe a wurin fiye da yadda zare yake bukata. Daidai wurin nas take aske mini gashi ta manna wayoyin na'ura. Hannunta da sanyi. Ni kuwa sai in rufe ido in ji ɗumin goshinki, na'ura ta yi ta zane-zanenta, su yi ta kallo suna gyaɗa kai.

Ga ni nan, gaba kura baya sayaki. In na taho alhali ta gaske nake sha, na kawo miki majinyaci, ke da kika gama rainon yara ki koma rainon tsoho. In na zauna alhali gari ne, to saboda gari na saɓa wa 'yata alkawari, saboda gari na bar ki ke kaɗai a ƙofar ɗakin haihuwa. Wanne ne zunubin da ya fi sauƙi? Na tambayi likita, ta ce zaɓin nawa ne. Na tambayi Dogo abokin ɗakina, ya ce shi ciwon bayansa ya ishe shi.

Zan zauna, abar ƙaunata. Ban tabbata daidai na yi ba. Ina so in ɗauki jikan nan in ɗaga shi sama da hannuwana, ba a ɗora mini shi a cinya ana tallafe da ni ba. Ki ba 'yarmu haƙuri da bakinki, ya fi nawa laushi. Amma ki ji wannan da kyau: in kin karanta, kin kwana da maganar, kika sake cewa in taho, ranar zan miƙa wa masu binciken kwalbar ƙwayarsu in yi musu godiya. Kada ki faɗa don fushi, kuma don Allah kada ki yi shiru don kara.

Ni ne naki da ya gaji da komai ban da ke, mai riƙe da amanarki muddin abin nan na ƙirjina yana motsi, mijinki.