Sun Gyara wa Baba Numfashi, Sun Raba Shi da Sana'arsa

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle kuma raina a ɓace yake. Ni mace ce da ba na yarda da fushina sai na zauna na rubuta shi, na juya shi ta kowane ɓangare. Wannan na juya shi har na gaji, bai huce ba.

Mahaifina mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan lungu ne a ƙarƙashin matakalar wani bene: tebur ɗaya, fitila ɗaya, sai gilashin da yake maƙalawa a ido. Ya haura saba'in, kuma tun rasuwar Inna shagon nan kaɗai ke fitar da shi daga gida. Bara numfashinsa ya fara sarƙewa, na kai shi asibiti. Likita ya gwada shi, ya ce ga maganin da ƙa'idar aikinsu ta tsara wa mai irin ciwonsa. Ba zan yi wa likita ƙarya ba, maganin ya yi aiki. Tarin ya lafa, Baba ya daina tsayawa hutawa a tsakiyar hanya.

Sai hannunsa ya kama rawa. Anti, mutumin da ke ɗaukar notin da bai fi ƙwayar yashi ba da bakin hantsaki! Ranar da na kai masa abinci na tarar da shi a durƙushe ƙarƙashin tebur yana laluben notin da ya kuɓuce masa, wanda ya kawo gyaran agogon na tsaye yana tsokanarsa, wai ko tsoho ya koma koyon kiɗa ne. Baba ya taya shi dariya, ya miƙa masa agogonsa a buɗe, ya ce ya kai wa wani. Daga ranar ya ajiye maganin.

Da muka koma asibiti ni na yi bayani, dalla-dalla, don na rubuta komai tun daga gida. Duk abin da aka tambaya na amsa, Baba yana zaune da hula a gwiwa yana kallon agogon bango. Likita ya ce rawar hannu ƙaramar illa ce, an san da ita, ba ta kashe kowa. Ya rubuta a katin Baba cewa ba ya bin umarni. Ƙaramar illa! A wurin wa? Su da suka zauna suka tsara ƙa'idar nan, sun taɓa tambayar mai ciwo ko ɗaya da me yake cin abinci? An tambayi shekarun Baba, an ɗora shi a sikeli, an tambaya ko yana shan taba, amma babu wanda ya ce masa, Baba, me kake yi da hannunka?

Yayana ya ce a rufe shagon kowa ya huta, wai yanzu wa ke ɗaura agogo. Baba ya ce gara ya yi haki a kan teburinsa da ya zauna ƙofar gida da lafiyayyen huhu yana gaishe da masu wucewa. To ga shi hakin ya dawo, ina jin sa tun daga bakin shago. Ranar komawa asibiti ta matso, shi kuma ya rantse ba zai taka ba. Wani lokaci nakan ce ni ce ban da hankali da nake goyon bayansa, in wani abu ya same shi ni za a kalla. Ko ni ce na yi kuskure?

'Yar mai gyaran agogo

*

'Yar'uwa, fushinki yana kan hanya, ni ma na ji zafin kalmar nan. Illa ba ta da ƙarama ko babba sai an duba wanda ta faɗa wa. Wanda ya rasa sana'arsa saboda magani bai ƙi bin umarni ba, zaɓi ya yi tsakanin abubuwa biyu masu ciwo, kuma ya cancanci a tambaye shi.

Amma kada ki mayar da ƙa'idar abokiyar gaba. An gina ta ne a kan abin da aka gani ya fi ceton mafi yawan mutane, kuma ke da bakinki kika ce ta buɗe wa Baba ƙirji. Ita dai ba ta san shagonsa ba. Aikin likita ne ya haɗa ta da mutumin da ke gabansa, ko da layin marasa lafiya ya kai ƙofa. Yayanki ma ba mugunta yake yi ba, tsoro ne.

Yanzu ki yi haƙuri in taɓa ki kaɗan. Kin ce babu wanda ya tambayi Baba. Sake karanta wasiƙarki: wa ya amsa duk tambayoyin? Ƙauna ce ta sa, na sani, amma likita ya ji 'ya mai tsari, bai ji mai gyaran agogo ba.

Zaman Baba babu magani haɗari ne, kada ku jira ranar da aka ba ku. Ni ba likita ba ce, ba zan ce a sha wannan ko a bar wancan ba. Ku tambaya ko akwai wani magani, ko wata hanyar shan sa, da me za a samu da me za a rasa a kowanne. In likitan ya ƙi saurara, kuna da damar neman wani. In kuma babu mafita sai zaɓi, a faɗa wa Baba gaskiyar haɗarin ƙarara, don jikinsa ne.

Ki ce masa wannan karon ba kai shi za ki yi ba, rakiya ce. Ya sa hantsakinsa da gilashinsa a aljihu, ya ajiye su a teburin likita, ya faɗi abin da yake so da bakinsa. Ke kuma ki zauna a kujerar baya, ki naɗe takardarki.

Allah Ya ba Baba lafiya, Ya bar masa numfashinsa da hannunsa duka.