Kilo Uku na Misbahu

Tasawa, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Na Allah,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rashida da yara. Yaya aikin gini, yaya kuma zaman baƙunta a Tamanrasat? Allah ya tsare ku, ya ba da abin da aka fita nema, ya maido mana ku gida lafiya, amin.

Mu nan muna tsakiyar bazara, zafin bana har kaji ba su fitowa daga ƙarƙashin rumbu sai la'asar sakaliya. Na je Korgom makon jiya na ga Inna. Gwiwar tana nan tana damunta, amma bakin lafiyarsa lau, don tun daga ƙofar gida ta fara yi mini faɗan na rame. Jar saniyarta ta haifi maraƙi, ɗan'uwanmu Ibrahim kuma ya gama sharar gona, hadari kawai yake jira. Babbar yarinyata da ke aure a Attantane ta sauka lafiya, namiji ne. Ƙanwarta Nasiba tana lakwal, makarantar boko, ni kuma ina nan tasha da tukwanena kamar yadda ka bar ni, ina ciyar da direbobi suna ce mini miya ta yi gishiri suna neman ƙari.

Yaya, ranar Juma'a da ka kira ka tambayi ɗana Misbahu na ce maka lafiya lau, ƙarya na yi maka. Yana zaune a tsakar gida yana jina, shi ya sa. Maganar kuma ba ta salula ba ce, da ana cikin yi layi zai yanke, don haka na zauna na rubuta, zan ba direban Agadas ya miƙa wa mutanenku. Ka yi haƙuri da tsawonta, na gaji ne, kuma ba ni da wanda zan sauke wa sai kai.

Ba zan ɓoye maka ba, rabin laifin naka ne. Kai ka riƙa ɗaukar yaron nan tun yana ɗan shekara takwas kana kai shi bayan gidan Inna a lokacin kaka, kana naɗe masa hannun dama da tsumma, kana koya masa tsayuwarka: a buɗe ƙafa, a miƙa hagu ta yi garkuwa, a ɓoye dama a baya ana jiran kisa guda. Kai kuma ka aiko masa da jajayen safar hannun nan bayan rasuwar babansu. Na ce maka littafi yake buƙata, ka yi dariya ka ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kamar kai ka haife shi. To, ɗan barewa ya girma, shekararsa sha shida, kuma tun bara ya shiga boks, damben zamani, a hannun Mushe Mumuni, malamin da ke koyar da wasanni a kolej ɗinsu.

Wannan damben ba irin naku ba ne. Ku a zamaninku, in ɗan dambe zai fita, gari ne ke ciyar da shi, wannan ta aiko fura, wancan ya aiko tsire. Su kuwa auna su ake yi a sikeli kamar buhun wake, kowa ya kara da mai nauyinsa. An sa gasar matasa a Maradi, Mushe Mumuni ya zo har gida da takardar yardar iyaye, ya zauna a tabarma ya yi mini bayani. Ya ce Misbahu yana da kilo hamsin da bakwai, kuma akwai rukuni daidai wannan nauyin, a can yake son sa shi. Matsalar ita ce tsayuwarsa. Ya ce a boks hannu biyu ake amfani da su, ana motsa ƙafa, alƙalai na ƙirga kowane naushi, shi kuwa Misbahu sai ya kafe wuri guda yana jiran damarsa, kafin ta fita an zuba masa biyar. Ya ce wata uku yana fama da shi ya koyi hagu, yaron ya ce haka kawunsa ya koya masa, kuma kawunsa bai taɓa faɗuwa ba.

Da Mushe ya tafi, sai Misbahu ya fito da tasa dabarar. Ya ce masu hamsin da bakwai suna iya shanye damarsa su tsaya, amma in ya sauka zuwa rukunin hamsin da huɗu, ƙananan yara ne, naushi ɗaya ya ishe su. Wato maimakon ya gyara dambensa, jikinsa zai rage. Kilo uku cikin mako uku, a jikin yaron da ko yanzu kana iya ƙirga haƙarƙarinsa daga bakin ƙofa. Na ce masa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ya ce ban san dambe ba. Gaskiyarsa, ban sani ba. Na riga na sa hannu a takardar, ban kuwa lura cewa wurin rubuta nauyi a buɗe aka bar shi ba.

Daga ranar ya bar tuwo, ya bar fura, ya bar shinkafa. Abincinsa ya koma dafaffen zogale da ɗan wake tsirara, ludayi biyu da rana, ludayi biyu da magariba. Kullum da la'asar sai ya biya kasuwa wurin Alhaji Mamman mai sayen wake, ya cire takalma ya hau sikelinsa, 'yan dako suna yi masa tsiya wai nawa ne tiyarsa. Ni da nake tuƙa tukunya uku a rana don cikin baƙi, sai in dawo gida in iske ɗana yana lasar cokali yana kallon bango. Kwana biyar na daure. A na shida ya tashi daga sallah ya dafa katanga don jiri, na gani, ya yi kamar takalminsa yake nema.

A nan ne nawa laifin ya shigo, kuma ban faɗa wa kowa a dangi ba sai kai. Inna ta ji jikanta zai yi dambe a Maradi, sai ta aiko da man shanu cikin kwalba, ta ce a riƙa ba shi ya yi ƙarfi, kamar yadda ta yi maka. Na san in na nuna masa ba zai taɓa ba. Sai na riƙa soya man da albasa, in zuba cokali uku cikin zogalensa, in daka ƙuli in rufe, in ƙara yaji. Waken ma haka. Ran farko ya shinshina ya ce yana jin ƙamshin mai, na ce hannuna ne daga tukwanen tasha. Ya yarda nan take ya cinye, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba. Wallahi Yaya ranar har daɗi na ji, na ce a raina na fi shi wayo, shi ya yi ramarsa a baki ni in riƙa cika shi ta bayan gida.

Abin da ban yi tunani ba shi ne sikelin Alhaji Mamman. Kwana goma yaro yana jin yunwa, allura ta sauka kilo ɗaya ta tsaya cak. Ya rage ludayi biyu zuwa ɗaya, ni kuma na ƙara mai. Da ya ga saura kwana biyar a auna su, sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa ruwa ne ke riƙe masa nauyi, wai haka ya gani a salular abokinsa. Ya daina sha. Na ga yana yawo da gwangwanin tumatir yana tofa yawu a ciki, na yi masa faɗan ƙazanta, ban gane komai ba. Ashe yana naɗe jikinsa da baƙar leda tun daga ƙirji har cinya, ya ɗora rigar sanyi a kai, ya kama hanyar Korgom da gudu da tsakar rana, lokacin da ni ina tasha, Mushe kuma yana aji.

Ranar Talata bayan azahar Nasiba ta zo mini tasha ba takalmi. Wani makiyayi da ke dawowa daga kasuwa da amalanke ya tsinci Misbahu kwance a gefen hanya, ya kai shi asibiti. Ko sunan bawan Allahn ban samu ba, kafin in iso ya tafi. Na iske sun yanke ledar da almakashi, leɓensa ya tsage, idanunsa sun faɗa, ina kiransa yana kallona kamar bai san ni ba. Leda huɗu ta ruwa aka ƙara masa kafin ya yi fitsari, shi ma kamar ruwan shayi. Likita ya ce da ya ƙara awa guda a ranar nan, ƙodarsa ce za mu yi ta jinya har ƙarshen rayuwarsa. Ya yi mini faɗa sosai a gaban mutane, na sunkuyar da kai, don bai ma san rabin abin da na yi ba.

Washegari da hankalinsa ya dawo, likita ya tambaye shi me ya kai shi. Misbahu ya lissafa duk abin da yake ci, ganye da wake ba mai ba gishiri, ya ce ya rasa dalilin da jikinsa ya ƙi sauka, ko dai wata cuta gare shi. Yana faɗa hawaye na zubo masa. Ban iya jurewa ba. Da likita ya fita na zauna a bakin gadon na gaya masa komai, har yawan cokulan. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Sai ya ce da na ce masa kada ya je Maradi, da zai yi fushi kwana biyu ya huce, amma na bar shi yana zargin jikinsa alhali ina kallo. Ya juya fuska bango. Garin neman gira na kusa rasa ido, Yaya, ni da kaina.

Gasar ta wuce ba shi. Yaron da Mushe ya kai a hamsin da bakwai, wanda Misbahu ke cewa ba ya iya tsaya masa turmi ɗaya, shi ya dawo da lambar ta biyu, aka zagaya da shi gari a kan moto, wato babur. Jikin Misbahu ya dawo, alhamdu lillahi, yana zuwa lakwal. Amma tun da muka baro asibiti bai sa abincin hannuna a bakinsa ba. Yau kwana goma sha tara. Ya samo wata 'yar tukunya yana dafa wakensa da kansa a bayan ɗaki, rabi ɗanye rabi ƙonanne, ko ya sayi ƙosai a bakin titi. Kullum ina zuba masa nasa in rufe, kullum Nasiba ta ɗauke shi yadda na ajiye. Yana gaishe ni da safe, ya durƙusa kamar yadda ya saba, daga nan shi ke nan.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne wata gasar tana tafe bayan damina. Mushe Mumuni, Allah ya saka masa, ya rantse ba zai kai shi a hamsin da huɗu ba, ni ma na ce ba zan sake sa hannu a takardar da ba a rubuta hamsin da bakwai ba. Sai Nasiba ta tsegunta mini wai Misbahu ya ce wannan karon ba mai taɓa masa abinci, zai sauka ko da me, in Mushe ya ƙi akwai wani mai horarwa a Maradi da ba ya tambaya. Jiya na ga ya koma sikelin Alhaji Mamman. Ni yanzu bakina ya mutu a wurinsa, ko ruwa na ce ya sha sai ya leƙa cikin moɗar.

Saura kai. Ka kira shi, amma ba don ka ba shi labarin mazan da ka kayar ba, ya haddace su kamar Fatiha. Ka gaya masa wanda ka ɓoye: ranar da bahagon nan na Issawane ya gane ba ka da komai sai dama, ya zagaye ka ya shimfiɗe ka a filin Mayahi tun a turmin farko, Ibrahim ya ɗauko ka a jaki. Ina nan, ni na dafa maka ruwan gashi. Ka gaya masa yatsun damarka biyu har yau ba su dunƙulewa, kuma da hagun da ka raina kake riƙe cebur kana ciyar da iyalinka. Na san abin zai yi maka nauyi, kai da ba ka son a ce ka taɓa zamewa ko a laka. Amma yaron nan yana kashe kansa da yunwa ne don kada ya bar tsayuwar mutumin da bai taɓa faɗuwa ba, kuma ni da kai mun san babu wannan mutumin. Ni na faɗi tawa gaskiyar, ina biyan kuɗinta. In ya ji daga bakinka cewa ya koyi hagu ya yi dambe a nauyin da Allah ya ba shi, zai ji. Kada ka roƙe shi a kaina, wannan tsakanina da shi ne, ko shekara zai yi zan jira. Ya ci na kowa, in dai zai ci ya ƙoshi.

Ka gaishe mini da Rashida da kyau, ka ce na ga saƙon turaren, Allah ya bar zumunci. Ka shafa mini kan Ammar da ƙaramar A'i. Inna tana gaishe ku, ta ce ka rage shan shayi. Ibrahim da iyalinsa suna gaisuwa, mai jego ta Attantane ma haka, Nasiba kuma ta ce a tuna wa Kawu alkawarin jakarta. Gaisuwar Misbahu ce ban sa ba. Na so in tambaye shi ko yana da saƙo, na je har ƙofar ɗakinsa na tsaya, na dawo.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Zara'u