Ranar da Kifi Ya Ƙi Jirgin Oga

Zuwa ga Yaya Bitrus,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Na iso Kafanchan jiya, yau na je Kagoma na share kabarinka. Na zo maka da labari.

Shekara goma sha ɗaya ka yi wa Oga aiki a jirginsa na kamun kifi a tekun Legas. Da ƙugiya ta yage maka hannu, ciwon ya ruɓe, ko asibiti bai kai ka ba. Mota ya sa ka, ya ce 'yan tudu ba su san ruwa ba. Sati uku ka yi a gida ka tafi.

Bayan jana'izarka na koma Legas, amma jirgin abokin gabar Oga na shiga.

Watan jiya muka haɗu da Oga can tsakiyar teku, inda manyan kifin nan ambajak suke taruwa. Ya ɗauko baƙi masu biyansa kuɗi ya kai su kamun kifi. Tun safe suke jefa ƙugiya, kifin na zagayawa a ƙasa, ko ɗaya bai taɓa ba.

Sai na tuna maganarka: "Wannan kifi ba yunwa ke sa shi cizo ba, kishi ne." Na maƙala ƙaramin kifi mai rai, na sake shi ƙasa, na fizgo da sauri kamar yana gudu. Na farko ya cafke. Ban fitar da shi ba, Yaya. Na bar shi yana fama a gefen jirgi yadda ka koya mini, sauran suka taso kamar mahaukata. Tara muka ɗaga, baƙinsa na kallo.

Oga ya matso da jirginsa, yana murmushi, wai in gaya masa sirrin. Na ce ya je Kagoma ya tambayi mai shi. Baƙinsa suka tambaye ni wane ne, na faɗa musu komai, da ƙarfi. Washegari a jirginmu suka fita.

Fasto ya ce in yafe. Na gaya masa ban kai can ba tukuna. Amma da na zauna wurinka yau, hannun nan naka kawai nake gani, yadda kake ɓoye shi kada Mama ta tsorata.

Ubangiji ya ba ka hutu, ya kuma yi haƙuri da zuciyata.

Ƙaninka,
Ishaku