Karas Ba Zai Dawo Da Kunnen Safiyullahi Ba

Akurba, Lafiya
Ranar Alhamis

Zuwa ga ƙanena Zakiyyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya kai da Rahma da yara, Allah Ya tsare ku a can Ibadan. Mu nan da sauƙi, in ban da abin da ka jawo mana. Shi ya sa na ɗauki biro, don a waya kakan katse ni ka ce kana da mutane a kantin maganinka.

Ka san shekara huɗu ke nan ɗana Safiyullahi yana aiki a injin casar shinkafa, cikin ƙarar da ko a bakin ƙofa sai mutum ya yi ihu kafin a ji shi. Tun azumi kunnensa na hagu yake yi masa ƙugi, yanzu sai an kira shi sau uku. Da ƙyar na samo masa ranar ganin likitan kunne a Jos, Talata mai zuwa. Ana cikin jira sai ga saƙonka a wayar uwarsa Dijatu, wai bincike ya nuna samarin da ke cin karas da gwanda da manja sun fi lafiyar kunne. Ka tura, ba ka ƙara ko kalma ɗaya ba, ka koma sayar da maganinka.

Ni na karanta abin har ƙarshe, wanda na tabbata kai ba ka yi ba. Alaƙa kawai suka ce sun gani tsakanin sinadarin da ke ba waɗannan abubuwa launi da ƙarfin ji. Ba inda suka ce yana gyara abin da inji ya lalata. Shekara talatin na koyar da kimiyya a sakandare, kai ma a ajina ka zauna, amma yau a gidana Dijatu ke ce mini Baba Zakiyyu ya fi ni sanin zamani.

Sati biyar ke nan, karas da safe, ruwan karas da rana, miya jajir da manja. Tafin hannun yaron ya koma ruwan ɗorawa. Maƙwabta suka ce ciwon shawara ne. Na buɗe musu idonsa fari tas, na ce karas ne ya yi masa yawa, ba wanda ya saurare ni. Yanzu ana ɗura masa jiƙon ciwon da ba shi da shi, uwarsa kuma ta rantse ba za a sa mai shawara a mota zuwa Jos ba. Jiya a hanyar Shabu tirela ta yi ta danna masa hon bai ji ba, sai da wani mai mashin ya fizge shi gefe.

Ba shawara nake nema a wurinka ba. Ka kira Dijatu kafin Litinin, ka faɗa mata da bakinka cewa ka tura abin da ba ka fahimta ba, tunda bakinka take ji. In Talata ta wuce, sai bayan wata uku za a sake ba mu rana. In ka bari hakan ta faru, kada ka sauka gidana da Sallah.

Ka gai da Rahma da Juwairiya da Sha'aibu, su ba su yi mini laifi ba. Safiyullahi ma yana gaishe ka. Sai da na zagaya ta kunnensa na dama, na faɗa sau biyu, sannan ya gane wa nake rubuta wa.

Yayanka,
Muhammad Sani