Sunkuyar da Kan Hafsatu

Yaya Binta,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya jikin Inna? Mu nan Onitsha lafiya lau.

Makarantar gwamnatin su Hafsatu ta raba ɗalibai, aka jefa ta ajin marasa ƙoƙari. Raina ya ɓaci, na rufe rumfar albasa na tafi da faɗa. Ashe in malama, wadda ba Bahaushiya ba ce, ta yi mata tambaya, sunkuyar da kai take yi kamar yadda muka koya mata. Malama ta ɗauka ba ta ganewa! Na roƙa aka gwada ta a rubuce, ta wuce kowa. Litinin za ta koma ajin haziƙai. Alhamdulillahi, hankalina ya kwanta.

A sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, ki ce mata tarbiyyarta ta kusa kayar da jikarta.

Ƙaninki,
Sani